Ƙugiya a Shafin Ƙarshe

Yaya bai taɓa sa wa harafi ƙugiya ba tun da ya koyi riƙe biro. Mutum ne mai digiri biyu, yana koyar da tarihi a sakandare, amma a rubutunsa ƙafa da kafa duk ɗaya ne. In ka yi masa magana sai ya ɗaga kafaɗa ya ce ai mai hankali zai gane. To, mai hankalin da ke ganewa ita ce ƙanwarsa Auta, wadda ke da ɗan shagon buga takardu a bakin titi, da kwamfuta biyu da injin kwafi da wata fanka mai kuka. Ita ta buga masa littafinsa daga farko har ƙarshe, shafi ɗari uku da sha ɗaya na rubutu kamar tonon kaji, tana bi tana rataya wa kowane harafi ƙugiyarsa.

Labarin kuwa ba na Yaya ba ne, na mahaifinsu ne. Baba tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekara talatin da huɗu a kan hanya kafin idonsa ya mutu, kuma duk wanda ya taɓa zama da shi na awa guda ya ji labarin kakansa Jagora. Jagora shi ke nuna wa ayarin fatake hanya a cikin rairayi, daga rijiya zuwa rijiya, tun babu mota a duniya. A rijiya ta tara 'yan fashi suka far musu. Madugu, shugaban ayarin, ya faɗi da mashi a cinya. Kowa ya cika wandonsa da iska, sai Jagora kaɗai ya tsaya a kansa da takobi har aka sare masa hannun hagu. Madugu bai yi rai ba, ya cika bayan kwana uku. Jagora ya binne shi da hannu ɗaya, ya dawo da dukiyarsa ya miƙa wa iyalinsa. Babu shaida sai Allah, sai kuma bakin Jagora. Amma an yarda da shi, kuma tun daga lokacin gidajen biyu suke zumunci. Babban aminin Baba ma, Mai Agogo, jikan Madugu ne.

Yaya ya ɗauki wannan ya zuba masa gishiri son ransa: guguwa, da kunamu, da wata 'yar attajiri da ba a san daga ina ta faɗo ba. Ya sa masa suna Rijiya ta Tara. A shafin farko ya rubuta cewa labarin kakansu ne, kamar yadda mahaifinsu ya ba su. Sannan ya tsayar da littafin daidai inda ya fi zafi. Layin ƙarshe a rubutun hannunsa cewa yake, “Jagora ya dubi Madugu a kwance, ya zare takobi, ya kare shi.”

Ranar da Auta ta kai wannan layin, mai ɗab'i ya aiko sau uku, ga wasu ɗalibai biyar sun tsaya mata a ka da takardunsu, ga kanta na sarawa. Wata shida ke nan tana tsayawa a kan kowane k na Yaya tana tambayar kanta, wannan mai ƙugiya ne ko maras ƙugiya? Idonta ya ga takobi, ya ga mutum a kwance, yatsanta ya yanke hukunci bai shawarce ta ba. Aka buga kwafi dubu uku, kowanne na cewa Jagora ya zare takobi ya ƙare shi.

Ba ta sani ba sai bayan mako biyu da fitowar littafin. Wata ma'aikaciyar asibiti ta shigo yin kwafi, ta ga tarin littafin a kan tebur, ta dafe ƙirji.

“Kai, wannan littafi ya ɗaga min hankali! Mutumin da na bi shafi ɗari uku ina so, ashe macuci ne. Wallahi sai da na koma farko na sake karantawa. In kin lura tun a rijiya ta biyu yake kallon jakar Madugu.”

“Wane macuci?” in ji Auta.

Matar ta buɗe shafin ƙarshe ta ɗora farce a kai. Auta ta ga ƙugiyar, 'yar ƙarama, ko ƙafar sauro ta fi ta. Ta rufe shagon ta tafi makarantar su Yaya, ta sa aka fito da shi daga aji.

Ya yi faɗa kamar zai ari baki. Ya ce ta kashe shi, ta kashe kakansu, ta kashe gidan gaba ɗaya. Ta tsaya tana hawaye ba ta ce masa ai da ka sa ƙugiyoyinka da kanka ba, ko da yake maganar ta zo mata har leɓe. Da ya huce ya ce shi ke nan, a bugu na biyu za a gyara, kafin nan kar Baba ya ji.

Sai dai dubu ukun nan sun ƙare cikin wata ɗaya. Direbobin haya suna musu a kai a tasha, 'yan mata suna ba juna aro har bango ya cire. Wani shehin malami ya rubuta shafi biyu a jarida a kan kalmar nan guda. Ya ce ƙaramin marubuci da “ya ƙarasa shi” zai ce, amma wannan gwani ya zaɓi “ya ƙare shi” don ya nuna yadda Jagora ya ɗauki ran mutum tamkar aikin da ake gamawa a tashi. Kai, ilimi! Auta ta karanta ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Bugu na biyu ya fito da ƙugiyarsa, na uku ma haka. A bugu na huɗu ta ji Yaya a rediyo yana cewa, cikin wata murya mai nauyi da ba ta san shi da ita ba, ya yi wata uku yana juya wannan kalma a ransa kafin ya rubuta ta. Ta kashe rediyon ta yi tsaki.

Abin da ya rage mata shi ne Baba. Tun da aurenta ya mutu ta dawo gida, ita ke kula da shi, kuma kullum bayan la'asar sai ta zauna gefen tabarmarsa ta karanta masa babi ɗaya. Sun sauke littafin sau shida. Duk lokacin da suka iso layin ƙarshe, sai ta karanta abin da Yaya ya rubuta, ba abin da ta buga ba. Baba ya gyaɗa kai ya ce, “Haka aka yi. Allah ya jiƙan maza.” Ita kuwa zuciyarta na dukan uku-uku. Ba duka take tsoro ba, Baba bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Tsoronta shi ne ranar da zai gane cewa 'ya'yansa sun mai da kakansa maci amana a idon duniya, suna ci suna sha da abin, kuma ita ta fara.

Don haka ta zama mai gadi. Ta san lokacin kowane shirin adabi a rediyo, da ya kusa sai batir ya mutu. Baƙi kuwa Yaya ya riga ya ja musu kunne cewa likita ya hana a yi wa Baba maganar littafin saboda hawan jini. Mutane suka kiyaye, amma bakin mutum ba ya rufuwa ruf. A ƙofar masallaci sai wani ya kama hannunsa ya ce, “Baba, kun yi namijin ƙoƙari. Ba kowa ke iya faɗin gaskiya a kan kakansa ba.” Baba ya dawo gida yana fara'a ya gaya mata. Ta ce masa madalla.

Mutum ɗaya ne ba ta iya yi wa dabara ba. Mai Agogo, wanda shekara arba'in bai taɓa fashin zuwa hira ranar Asabar ba, ya ɗauke ƙafa. Baba ya tambaya, ta ce ƙafa ke damunsa. Ya sake tambaya, ta ce ya yi tafiya. Rannan ta gaji da ƙarya ta je rumfarsa da kanta. Ta same shi da gilashi a ido ɗaya, ya sunkuya a kan cikin wani agogo, ga wasu sun fi talatin rataye a bayansa, kowanne da lokacin da yake nunawa. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa bai ɗago ba.

“Kawu, Baba yana ta cigiyarka.”

“Ina nan inda ya san ni.”

“Kawu, littafin nan, kuskure ne aka yi wajen bugawa. Ni na yi shi da hannuna.”

Ya cire gilashin ya dube ta. “Kuskure sau nawa aka buga shi?”

Bai jira amsarta ba.

“Jikata ta ce min sau bakwai. Na kuma ji yayanki da kunnena a rediyo.” Ya mayar da gilashin. “Mu tun muna yara ake ce mana mu girmama gidanku. Kakata har ta mutu tana sa wa mai hannu ɗaya albarka. Yanzu yaranmu suna tambayata raƙuma nawa suka tafi, nawa suka dawo. Me zan ce musu? Ban san komai ba, 'yata. Abin da aka gaya mana kawai muka sani, ga shi masu faɗar sun sake magana. Ki gaishe shi.”

Ba ta isar da gaisuwar ba. Da me za ta haɗa ta?

Ana cikin haka 'yan fim suka zo. Yaya ya sayar musu da labarin, aka kwashi raƙuma da mutane aka tafi wani fili mai yashi aka yi wata biyu. Auta ta ga hotunan a waya: wani dogon ɗan wasa mai jajayen idanu shi ne Jagora, kuma ko a hoto ka gan shi ka san ba za ka ba shi ajiyar akuya ba. Ta ce wa Yaya, littafi ana iya karanta wa makaho yadda aka ga dama, fim fa? Ya ce Baba ba ya zuwa sinima, ta daina ƙirƙiro masifa.

Masifar kuwa da ƙafarta ta zo, ranar wata Talata da hantsi. Darakta ne, gajere mai tumbi, da tabarau a goshi, yana tafe yana taunar cingam. Shi da Yaya suka shigo tsakar gida, bayansu wani mutum ɗauke da na'urar ɗaukar murya. Auta na shanya ta saki zanen a ƙasa.

“Malama, wata dabara ce ta faɗo min,” in ji Darakta. “Muryar Baba za ta buɗe fim ɗin, ita za ta rufe shi. Jikan Jagora da bakinsa! Wa ya taɓa yin haka?”

Ta ja Yaya gefe, bayan tankin ruwa. “Yaya, ka haukace ne?”

“Ki rage murya. Labarinsa kawai zai ba da yadda ya saba. Ba wanda zai ce masa komai.”

“In ya zo ƙarshe fa?”

“Ki bar min wannan.”

Baba kuwa murna kamar an ba shi kujerar Makka. Ya sa aka ɗauko masa babbar rigarsa, ya ce a fesa masa turare, ko da aka gaya masa murya kaɗai za a ɗauka. Aka rufe tagogin ɗakinsa, aka kashe fanka, aka kafa masa makirfo a gaban baki. Ya gyara zama ya fara. Auta ta ji labarin nan ya fi sau ɗari, amma ba ta taɓa jin ya ba da shi kamar ranar ba. Ya faɗi yadda kakansa ke sansanar yashi ya san nisan ruwa. Ya faɗi yadda a rijiya ta shida suka tarar da ita a bushe, ruwa ya ƙare, aka yanka raƙumi. Har mai na'urar ya manta da aikinsa ya saki baki. Zafi ya cika ɗakin, gumi na bin bayan Auta, tana jin labarin na matsowa rijiya bayan rijiya.

“Sai kakana ya dubi Madugu a kwance,” in ji Baba, “ya zare takobi, ya kare shi.”

Darakta ya ɗaga hannu. “Baba, a ɗan maimaita wannan. A fito da harafin sosai. Ya...”

“Ya gaji,” in ji Auta da ƙarfi, har ta ture kofin ruwa. “Likita ya ce kar ya wuce rabin awa.”

“Kalma ɗaya ce, Malama. Haƙoran ne suka...”

Yaya ya dafa kafaɗarsa ya yi masa magana a kunne. Darakta ya dubi Baba, ya dubi Auta, ya ci gaba da taunar cingam a hankali. Sai ya yi murmushi ya ce ba komai, ya yi kyau haka. Wannan murmushin bai yi mata ba ko kaɗan.

“Me ya ce game da haƙorana?” in ji Baba bayan sun fita.

“Cewa ya yi muryarka ta fi ta masu haƙora.”

Baba ya yi dariya har da tari.

Ta yi kwana goma tana lallashin kanta. Tunda muryar Baba ta ce ya kare shi, ai dole fim ya bi murya. Wataƙila ma ta nan Allah zai kawo gyara. Amma hankalinta ya ƙi kwanciya, rannan da rana ta rufe shago ta nemi ofishin 'yan fim ɗin. Hawa na biyu ne a saman wani kantin tayoyi. Aka nuna mata wani ɗaki mai sanyi, bangonsa duk soso, babu taga. Edita, mai yanka da haɗa fim ɗin, na zaune gaban allo biyu, mutum mai furfura a gemu da ladabi. Da ya ji ita 'yar mai muryar ce sai ya miƙe ya ba ta kujera.

“Mahaifinki baiwa gare shi,” ya ce. “Zo ki ji yadda muka yi da ƙarshen.”

A allon ta ga ɗan wasan nan tsaye a kan Madugu, rana na bayansa. A ƙasa kuma ga wani kore-koren zane mai hawa da sauka, wai muryar Baba ke nan. Edita ya danna. Muryar ta cika ɗakin, da ɗan numfashin da yake ja kafin ya yi magana, da komai. “Sai kakana ya dubi Madugu a kwance, ya zare takobi, ya ƙare shi.” Takobin ya sauka.

Auta ta riƙe hannun kujera. “Bai faɗi haka ba.”

“E, harshen tsufa ne, ya ɗan zame. Amma an yi sa'a.” Ya ja zanen baya da alfahari irin na mai sana'a. “Kin ga nan, a rijiya ta shida, inda ya ce ruwa ya ƙare? Sai na yanko ‘ya ƙare’ na kawo nan na dasa. Ko shi ba zai gane ɗinkin ba. Minti biyu ya ɗauke ni.”

“Ka cire.”

“Malama?”

“Don girman Allah ka cire. Ba zamewar harshe ba ce. Abin da ya faɗa shi ne gaskiya, littafin ne ya yi ƙarya. Ni na sa ƙugiyar nan.”

Bawan Allah ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce shi umarni aka ba shi, bari ya kira masu abin. Darakta ya shigo, Yaya na biye da shi, ashe yana ofishin. Ta maimaita musu, wannan karon da kuka. Darakta ya saurara har ta gama, sannan ya ce, “Malama, in haka ne ke kika rubuta littafin nan, ba shi ba. Cire ƙugiyar nan, me ya rage? Wani mutumin kirki ya yi abin kirki. Wa zai sayi tikiti ya kalli wannan?” Ya fita abinsa.

“Yaya,” ta ce, “muryar ubanmu ce.”

Bai iya haɗa ido da ita ba. Ya ce an riga an sa hannu a takardu. Ya ce fim wata uku ne ake yayinsa a manta. Ya ce Baba ba ya fita sai masallaci, in ta ci gaba da lura kamar yadda take yi, har ya koma ga Allah ba zai ji ba. Da ta ƙi yin shiru sai ya juya mata. “To je ki gaya masa! Ki ce Baba, shekara biyu ina zaune gefenka ina karanta maka ƙarya. Je ki. Ni ban hana ki ba.”

Nan ya kama ta, kuma ya san ya kama ta. Ta sauko daga benen tana jin warin taya, ta tsani Yaya, ta tsani kanta fiye da shi.

Aka sa ranar fara nuna fim, saura mako uku. Auta ta ɗauke rediyon Baba gaba ɗaya ta ce ya lalace, yana wajen gyara. Ta roƙi maƙwabta su rage ƙarar talabijin. Ta daina barin yaran unguwa su shigo da waya. Hotunan ɗan wasan suka cika bangon titi, har jikin shagonta aka manna ɗaya, ta kwana biyu tana kankarewa. Ta rame, abinci ba ya shiga. Duk ƙarar da ta ji daga waje sai ta tsaya cak ta kasa kunne. Baba ya lura, don makaho ne ba kurma ba. Ya ce, “Auta, tafiyarki ta sake. Kina yawo a gidan nan kamar mai ɓoyon wani abu.” Ta ce ciwon kai ne.

Ranar Alhamis bayan la'asar ya ce zafi ya yi yawa a ciki, ta fitar masa da kujera ƙofar gida. Ta yi ƙoƙarin hana shi, ya ce ko fursuna ana fitar da shi shan iska. Ta zaunar da shi, ta koma ciki ɗauko littafin. Tana cikin ɗaki ta jiyo kiɗa daga nesa, irin na motar talla mai lasifika a ka. Ta san ta. Ita ke yawo da tallan maganin basir da na sabuwar makaranta. Kiɗan ya tsaya, wani ya yi ihun sunan fim ɗin da ranar da za a fara. Auta ta yar da littafin ta ruga, zanenta na harɗe ta.

Ta iso zaure ke nan motar ta shawo kwanar layinsu, tana tafe a hankali saboda ramuka. Sai muryar Baba ta fito daga lasifikar, ta fi girman gidajen layin, ta daki bango ta dawo. Kakana ya dubi Madugu a kwance. Ya zare takobi. Ya ƙare shi. Aka saki kiɗa, aka sake sakin muryar. Sau uku ta faɗa kafin motar ta wuce ƙofarsu, ta huɗun daga can ƙarshen layi. Mai kanti na tsallake ya sunkuyar da kai yana gyara abin da bai lalace ba. Wasu mata biyu da ke wucewa suka ƙara sauri.

Baba bai motsa ba. Hannayensa na kan gwiwa, fuskarsa na fuskantar inda ƙarar ta bi. Auta ta durƙusa a gabansa. Ta shirya. Shekara biyu tana shirya wannan maganar, ga ta nan a bakinta, jira kawai take ya tambaya.

“Auta.”

“Na'am, Baba.”

“Muryata ce wannan.”

“Taka ce.”

Leɓensa na motsi, ta gane gwada kalmar yake yi a hankali, wannan da waccan, yana saurarar bakinsa.

“Innalillahi,” ya ce. “Ashe abin da mutumin nan ya ji ke nan ya ce in maimaita. Ya ji na yi ɓari, ke kuma kika hana don tausayina.” Muryarsa ta karye. “Shekara saba'in ina riƙe da maganar nan, ban taɓa sauya ko harafi ba. Sai ranar da duniya za ta ji, bakina ya ci amanata. Na kashe Madugu da bakina, Auta. Na ɗora wa kakana jini.”

“Baba...”

“Yaron nan ya rubuta littafinsa daidai, ke kin karanta min daidai sau nawa, ni na zo na ɓata muku. Tsufa bai yi ba. Ku yafe ni.”

Hawaye na fita daga matattun idanun nan suna shiga gemunsa. Auta ta buɗe baki. Kalma uku ce kawai, Baba ni ce, kuma da ta faɗe su da ta sauke masa wannan dutsen ta ɗora a kanta inda ya dace. Ta dubi fuskarsa, ta ga yadda ko a cikin kukan yake lalubo kanta don ya lallashe ta. Tsoro ya kama ta, tsoron kar hannun nan ya janye. Wallahi ta so ta faɗa.

“Ba komai, Baba,” ta ji bakinta ya ce. “Kowa yana kuskure.”

Ya share fuska da hannun riga, ya laluba sandarsa. “Ɗauko min takalmina. Ki kai ni wajen mutumin nan in roƙe shi ya bar ni in sake faɗa. Ko durƙusawa ce zan yi masa. Ai zai yarda ko?”

“Zai yarda.”

Ta shiga ta ɗauko takalman, ta tsuguna tana sa masa. Daga wani layin can baya motar ta sake farawa. Baba ya ɗora tafinsa a kanta ya sunkuyo, ya rage murya kamar mai roƙon alfarma.

“Kar ki gaya wa yayanki tukuna. Zai ji kunyata a gaban mutane.”

“To, Baba,” in ji Auta.